Ƙwayar airis mai gemu da ta ƙi tsirowa: nazarin kwanso uku daga wani lambu a Oregon

Airis mai gemu fure ne na ƙasashen da ke da hunturu na gaske. Kakanninsa daga kudancin Turai da gabashin Bahar Rum suka fito, kuma a yau manyan masu ƙirƙiro sababbin nau'o'insa suna Amurka, Faransa, Italiya, Ingila da Ostareliya. Furen yana da ganye 6, uku a tsaye, uku a sunkuye, kuma kowane mai sunkuyawa yana da layin gashi mai laushi a tsakiyarsa, wanda shi ne gemun. Yawancin masu lambu ba sa shuka shi daga ƙwaya. Saiwarsa mai kauri, wadda ke kwanciya a saman ƙasa kamar ta citta, ita ake rarrabawa tsakanin Yuli da Satumba, kuma duk abin da ya fito daga saiwa uwarsa ce sak, launi da tsayi da ƙamshi. Wanda ya koma ga ƙwaya sabon abu yake nema, domin babu ƙwaya biyu da za su ba da fure iri ɗaya.

Lamarin da za mu bi a nan yana maimaita kansa kowace shekara a hannun sababbin masu haɗa iri, don haka muka ɗauki siffarsa da aka fi gani, muka ajiye ta a inda noman wannan fure ya fi ƙarfi: kwarin Willamette a jihar Oregon ta Amurka. A wannan kwari ne, kusa da birnin Salem, gonar iyalan Schreiner take. Sun fara sana'ar a Minnesota a 1925, suka ƙaura zuwa Oregon a shekarun 1940 saboda ƙasar da yanayin sun fi dacewa. Hunturun wurin ruwa ne da sanyi marar tsanani, ranin kuma busasshe ne. Ke nan mai lambun da muke magana a kansa yana zaune ne a inda yanayi zai yi masa rabin aikin da ya ƙyale shi.

Abin da ya faru

A watan Mayu, lokacin da dogayen airis ke fure a can, mai lambun ya yi haɗi da hannu a kan furanni da dama. A nan bai yi kuskure ba. A tsakiyar furen akwai hannuwa uku masu lanƙwasa, kowanne ya rufa kan gemu ɗaya. A ƙarƙashin kowane hannu akwai sandar namiji mai ɗauke da garin fure, can kusa da ƙarshen hannun kuma akwai ɗan leɓe siriri, shi ne wurin karɓa na mace. Ana cire sandar daga furen da aka zaɓa ya zama uba da hantsaki, a ɗan ja leɓen furen uwa a buɗe, a goga garin a samansa, a yi haka ga leɓɓan duka uku. Safiyar ranar da furen ya buɗe ta fi, lokacin da leɓen ke da ɗan danshi da yauƙi. Idan rana ta busar da shi, ko ruwan sama ya jiƙa garin, haɗin ba ya kamawa. Bayan ya gama ya tsinke ganyen fure uku masu sunkuyawa don kada manyan ƙudan zuma su samu wurin sauka su kawo garin wani, ya ɗaura alama a wuyan furen, sunan uwa a gaba, na uba a baya, kamar yadda ƙa'ida take.

Haɗi biyu suka kama. Na farko tsakanin uwa mai ruwan hoda da uba mai shunayya mai duhu. Na biyu tsakanin wasu farare biyu masu ɗigo-ɗigon shuɗi a bakin ganyen fure, tsarin da masu sana'ar ke kira plicata. Kwanso na uku ƙudan zuma ne suka yi shi ba da saninsa ba. Akwai kuma haɗi da yawa da ya yi a kan wata tsohuwar airis mai shunayya da ke bakin shingensa, babu ɗaya da ya kama, kuma ya ɗora wa kansa laifi a banza. Tsohuwar Iris germanica ta bakin shinge, da farar Iris albicans wadda asalinta Yaman ne da Saudiyya kuma aka daɗe ana dasawa a maƙabartun Musulmi a ƙasashen Bahar Rum, kuromosom (zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin halitta) 44 gare su, adadin da ba ya rabuwa daidai wajen yin ƙwaya, shi ya sa da wuya su haihu. Dogayen airis na zamani 48 gare su, kuma su ke yin kwanso cikin sauƙi.

Cikin kwana 7 zuwa 10 gindin furen da ya kama yakan fara kumbura. Kwanson yana da ɗaki uku a ciki, yana kai tsawon santimita 5 zuwa 8, yana nuna cikin mako 8 zuwa 10. A ƙarshen Yuli korensa ya koma rawaya-rawaya, bakinsa ya fara tsagewa, mai lambun ya yanke shi kafin ƙwayoyin su zube. Kwanso mai kyau yakan ba da ƙwaya 30 zuwa 60. Ya shanya su a kan takarda a inuwa, suka yamutse suka taurara suka koma ruwan ƙasa, ya zuba kowane rukuni a ambulan ɗin takarda da alamarsa. Har nan komai daidai ne. Da a leda ya zuba su da sauran danshinsu, da funfuna ta cinye su.

Daga nan ne hanya ta karkace. Ya bar ambulan ɗin a aljihun tebur, a ɗaki mai ɗumi, har watan Maris. Sannan ya shuka su tare da tumatirinsa da barkononsa, a tukwane uku, a kan shimfiɗar lantarki mai ɗumama ƙasa zuwa wajen digiri 24 na ma'aunin Selsiyos. Tumatir ya fito cikin mako guda. Bayan mako 6 tsiron airis bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A watan Yuni ya yanke ƙauna, ya juye tukwane biyu, na haɗin farko da na ƙudan zuma, a lungu ɗaya na lambun. Ta ukun ta tsira ne kawai don an manta da ita a ƙarƙashin bishiya.

Da Maris na gaba ya zagayo, lungun da ya zubar da ƙasar ya cika da 'yan tsirrai masu ganye kamar takobi, tukunyar da aka manta ita ma haka. Ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau tun farko. Amma shekara guda ta tafi, kuma na lungun sun gauraya, ba mai iya cewa wannan ɗan haɗin hannu ne, wancan na ƙudan zuma.

Me ya hana su fitowa

Abubuwa uku ne suka taru, kuma ya kamata a rarrabe su domin maganin kowanne daban ne.

Na farko yana cikin ƙwayar kanta. A ɓawonta da cikin abincin da ke kewaye da ɗan tayin akwai sinadaran da ke danne tsiro. L. F. Randolph na Jami'ar Cornell ya yi aiki a kan wannan a shekarun 1940, ya nuna cewa idan aka yanka ƙwayar aka zaro ɗan tayin aka ɗora shi a kan abincin gwaji mai tsabta a cikin kwalba, yakan fara girma cikin 'yan kwanaki ba tare da jiran komai ba. Ma'ana ɗan tayin a shirye yake, abin da ke kewaye da shi ne ke riƙe shi. A daji ruwan sama na watanni ne ke wanke waɗannan sinadaran a hankali. Ƙwayar da ta kwana wata 7 a aljihun tebur ko ɗigo bai taɓa ta ba, kuma bushewa mai tsawo tana ƙara nauyin barcin.

Na biyu sanyi ne. Ƙwayar tana bukatar ta zauna a jiƙe cikin sanyi mai digiri 1 zuwa 5 na tsawon mako 8 zuwa 12. Sharaɗin a jiƙe shi ne wanda aka fi mantawa. Busasshiyar ƙwaya a firij ajiya kawai ake yi mata, lissafin sanyinta bai fara ba. Daskarewa ma ba ta ƙirguwa: kwanakin da ƙasa ta zama ƙanƙara ba sa cutar da ƙwayar da ba ta tsaga ba, amma ba sa ƙara mata komai.

Na uku shi ne ɗumin da ya yi mata da niyyar taimako. Airis mai gemu tana tsirowa a sanyi-sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15. Da ƙasa ta haura digiri 20 sosai, ƙwayar da ba ta riga ta motsa ba sai ta koma barci ta jira wani hunturun. Wannan dabara ce ta tsira a ƙasar da raninta busasshe ne: tsiron da ya fito a bakin zafi ba zai kai labari ba. Shimfiɗar lantarkin da ke hanzarta tumatir ita ce ta rufe wa airis ƙofa.

Ko da an cika sharuɗɗan nan duka, ba dukan ƙwayoyi ke fitowa a shekarar farko ba. Samun kusan rabi abu ne da masu haɗa iri ke ɗauka a matsayin sakamako mai kyau, wasu haɗe-haɗen su fi haka, wasu su gaza nesa. Sauran sukan fito a shekara ta biyu, wasu har ta uku. Saboda haka tukunyar airis ba a juye ta kafin ta ga hunturu biyu. A ganinmu wannan ne babban kuskuren lamarin, ya fi na ɗumama ƙasar muni, domin na ɗumin jinkiri kawai ya jawo, na juyewar kuwa ya ɓatar da asalin tsirran.

Yadda ya kamata a yi

Ga mai zama a wuri irin kwarin Willamette, hanya mafi sauƙi ita ce a bar hunturu ya yi aikinsa. A ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba ake shukawa. Idan aka yi gaggawa tun Satumba, wasu za su fito kafin sanyi, ƙanƙara ta same su suna da ganye ɗaya ta kashe su. Kafin shuka a jiƙa ƙwayoyin a ruwa mai sanyi na kwana 7 zuwa 14, ana zubar da ruwan ana sa sabo kullum. Ruwan kwanakin farko yakan yi launin shayi, daga baya ya washe, ƙwayoyin su kumbura yamutsewarsu ta baje. Idan aka bar ruwa ɗaya ba canji, wari zai taso, ƙwayoyin su ruɓe.

Tukunya mai zurfin santimita 15 ko fiye, mai ramuka a gindi, ta isa kwanso guda. Ƙasar ta zama mai sakin ruwa: kashi 2 na ƙasar tukunya da ake sayarwa, kashi 1 na yashi mai kauri. A binne ƙwaya zurfin santimita 1.5 zuwa 2, tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsu. Idan ba ta yi zurfi ba, ruwan sama da daskarewar ƙasa za su turo ta sama ta bushe. Alama biyu ake sawa, ɗaya a tsaye, ɗaya a binne a gefen tukunyar, kuma da fensir ake rubutawa, domin tawadar alƙalami rana da ruwa suna goge ta kafin Maris. A rufe bakin tukunyar da ragar ƙarfe saboda ɓeraye da kurege da tsuntsaye, a ajiye ta a fili inda ruwan sama zai same ta, a binne ta zuwa wuya idan wurin yana daskarewa sosai. Abu ɗaya da za a kula da shi duk tsawon hunturu shi ne kada ƙasar ta bushe. Ƙwayar da ta fara farkawa sannan ta bushe, ko ta mutu ko ta sake komawa barci.

Hanya ta biyu ta firij ce, ga wanda hunturunsa gajere ne ko yake son ya ci lokaci. Bayan jiƙon, a naɗe ƙwayoyin a takardar goge hannu mai danshi, ko a cuɗa su da ɗan gansakuka da aka matse ruwanta, a sa a leda, a ajiye a sashen kayan lambu na firij, ba sashen ƙanƙara ba. Danshi ake so, ba ruwa kwance ba: idan aka matsa takardar ruwa ya ɗiga, ya yi yawa. A duba kowane mako. Funfuna kaɗan a kan ɓawo ba abin tsoro ba ce, a ɗauraye a canza takarda, amma ƙwayar da ta yi laushi tana fashewa a yatsa a jefar da ita. Daga mako na 8 wasu za su fara fitar da farar saiwa tun a cikin firij. Waɗannan a ɗauke su da hankali a dasa nan take, domin saiwar tana karyewa da ɗan taɓi. Sauran a shuka su a mako na 12, a ajiye a wuri mai haske da sanyi-sanyi. Wannan hanya tana da nata haɗarin: tsiron cikin ɗaki, inda iska ba ta motsi, ya fi saurin kamuwa da ruɓewar wuya, inda zai kwanta daga daidai bakin ƙasa cikin dare ɗaya. Rage ban ruwa, iska mai zagayawa da ƙasa sabuwa su ne kariya.

Daga tukunya zuwa kunya

Mai lambun namu ya bar tsirran tukunyar da ta tsira a cunkushe har Agusta, yana tsoron taɓa su. Wannan ma ya ci masa lokaci. Da tsiro ya yi ganye 4, tsayinsa santimita 10 zuwa 15, lokacin dashe ya yi, kuma a Oregon hakan yakan faɗo a Mayu ko farkon Yuni. Dalilin gaggawar shi ne airis ba ta fure sai saiwarta ta kai wani girma kafin hunturu, domin a cikin saiwar ne ake ƙulla furen baɗi tun ƙarshen rani. Tsiron da aka dasa a Mayu yana da wata 4 ko 5 na girma, kuma da yawa cikinsu za su yi fure a Mayu mai zuwa, shekara 2 daga ranar haɗi. Wanda aka dasa a Agusta sai shekara ta uku.

A ciro su da cokali ba tare da juye tukunyar ba, a mayar da ƙasa inda aka haƙa, a kai tukunyar inuwa don ƙwayoyin da suka rage. Kunyar ta kasance inda rana ke faɗa wa aƙalla awa 6, a ɗaga ta kaɗan idan ƙasar laka ce, tazarar santimita 30 tsakanin tsirrai. Gindin tsiron ya nutse kamar santimita 1 kacal. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. An saba jin cewa airis mai gemu ba ta son ruwa, kuma gaskiya ne ga babbar saiwa a lokacin rani. Ɗan tsiro kuwa ba shi da rumbun da zai ci daga ciki, yana bukatar ruwa mai ratsa ƙasa sau ɗaya a mako duk tsawon raninsa na farko, da taki kaɗan-kaɗan marar yawan naitirojin, irin mai lamba 5-10-10 ko 6-10-10, a zuba a gefe ba a kan gindi ba. Naitirojin mai yawa ko danyen taki na dabbobi yana sa saiwa ta yi taushi, ƙwayoyin cuta su shige ta, ta narke ta yi wari. Idan aka ga haka a kankare wurin da ya ruɓe har zuwa farin nama mai tauri, a bar rana ta busar da shi. Ciyawa ita ce abokiyar gaba ta yau da kullum, a Oregon kuma katantanwa marar kwanso tana iya share layin tsirrai a dare guda. Tsutsar da ke huda saiwa, wadda ke addabar masu lambu a gabashin duwatsun Rocky, ba ta cika damun wannan yanki ba.

Furen da ya fito

Da na lungun suka yi fure, babu ruwan hoda ko ɗaya a cikinsu, sai shunayya iri-iri da wasu masu launi a dagule. Mai lambun ya ɗauka 'ya'yan haɗin farko duk sun mutu. Ba lallai ba ne. Dogon airis na zamani yana ɗauke da kwafi 4 na kowane kuromosom, gadon da ya samu daga manyan nau'o'in gabashin Bahar Rum irin su Iris trojana da Iris mesopotamica da aka shigo da su cikin haɗi a farkon ƙarni na 20. Siffar da ke ba da ruwan hoda da gemu mai launin lemo ɓoyayyiya ce: ba ta bayyana sai kwafin duka 4 sun zo da ita. Idan uban mai shunayya ba ya ɗauke da ita ko kaɗan, 'ya'yan farko ba za su nuna ta ba, kowannensu zai riƙe kwafi 2 a ɓoye. Idan aka haɗa biyu daga cikin waɗannan 'ya'yan, lissafi yana ba da kusan 1 cikin 36 mai cikakken kwafi 4. Idan aka mayar da ɗa kan uwarsa mai ruwan hoda, ya zama kusan 1 cikin 6. Wannan ne ya sa aikin David Hall na Illinois, wanda nau'insa mai ruwan hoda Cherie ya ci lambar Dykes, babbar lambar yabo da ake ba nau'in airis, a 1951, ya ɗauki tsara bayan tsara na tsirrai.

A nan ne asarar alamar ta fito fili. Rabin tsirran lungun suna ɗauke da abin da yake nema a ɓoye, amma bai san waɗanne ba ne, don haka ba zai iya tsara haɗi na gaba ba. Rashin sanin asali ba ya hana fure yin kyau. Dusky Challenger na gidan Schreiner, wanda aka fitar a 1986 ya ci lambar Dykes a 1992, an yi masa rajista ba tare da sanin iyayensa ba. Sai dai mai son gina layi a kan wata siffa ɓoyayyiya ba ya iya aiki da ƙila-wa-ƙala. Tukunyar da ta tsira kuwa ta ba da abin da ake tsammani: plicata ita ma ɓoyayyiyar siffa ce, iyayen biyu suna da ita cikakkiya, 'ya'yan suka fito da ɗigo-ɗigo a baki, bambancinsu a yawan ɗigon da faɗin ganye.

Zaɓe shi ne sashen da sabon hannu ya fi jin nauyinsa, domin kowane tsiro nasa ne. Furen farko ba ya isa hukunci, karan yakan zo gajere, tohon fure kaɗan, sai an ga shekara ta biyu da ta uku. Ma'aunin da alƙalan Ƙungiyar Airis ta Amurka, wadda aka kafa a 1920, ke dubawa ga dogon nau'i ya haɗa da tsayin da ya haura santimita 70, reshe 2 aƙalla ban da kan kara, tohon fure 7 ko fiye, kara mai tsayuwa ba tare da tokari ba, da ganyen fure mai kauri da zai jure rana da ruwa na kwana 3. A ƙara da lafiyar ganye da yawan 'ya'yan da saiwa ke fitarwa a shekara. Launi mai ɗaukar ido a kan kara mai faɗuwa ba abin ajiyewa ba ne, sai dai a riƙe shi don haɗi. Wanda aka zaɓa a ba shi lamba, a rarraba saiwarsa, kuma idan ya cancanci suna, wannan ƙungiya ce ke riƙe da rajistar duniya ta airis masu saiwa. Waɗanda ba a zaɓa ba a tumɓuke su gaba ɗaya, kada a bar guntun saiwa a kunya, domin zai toho ya gauraya da na gaba.

Ga mai karatu da ke zaune a ƙasa mai zafi, firij zai iya tayar da ƙwayar, amma ba zai maye wa babbar shukar gurbin hunturu ba. Dogon airis mai gemu yana bukatar makonni na sanyi kowace shekara kafin ya fitar da karan fure, kuma damina mai zafi da danshi ita ce yanayin da saiwarsa ta fi ruɓewa a ciki. A irin wannan wuri abin da aka fi samu shi ne ganye kore ba fure, saiwar kuma tana raguwa daga shekara zuwa shekara.